Gargaɗi: lambar ta shago ce, amma mai amsa ku ba na shago ba ne

Jama'a, musamman masu sayen kaya daga Kano ta WhatsApp, ku tsaya ku karanta kafin ku sake tura wa wani kuɗi.

Yayana yana da shagon atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari. Akwai yaron da ya yi masa shekara huɗu, shi ke ɗaukar hoton kaya, shi ke amsa kwastomomi, shi ke kai saƙo tasha. Bayan ƙaramar Sallah ya ce zai koma garinsu. Aka yi sallama lafiya, ya miƙa makulli, ya miƙa wayar shago da layinta a ciki, Yaya ya haɗa masa da na mota, har da addu'a. Babu wanda ya tuna cewa ranar da aka sayi layin nan shi aka aika, kuma da NIN ɗinsa ya yi rajista.

Tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, kamfanin waya ba ya sanin wanda ke sa kati ko wanda ya rubuta lambar a allon shago. Wanda sunansa da fuskarsa ke kan rajista, shi ne mai layi. To sai yaron ya je ya ce wayarsa ta faɗi, aka yi masa welkam bak, wato aka ba shi sabon SIM mai wannan lambar. SIM ɗin da ke hannunmu ya mutu, muka ɗauka matsalar sabis ce. Shi kuwa ya buɗe WhatsApp a sabuwar waya, lambobi shidan nan na tabbatarwa suka shigo masa, ya gaji sunan shagon da duk guruf-guruf ɗin kwastomomi.

Kwana uku kacal ya yi yana ɓarna, amma ta isa. Ya riƙa ɗora tsofaffin hotunan kayanmu a sitatus da farashin da ko a kamfani ba a samu, wai ana karyar da kaya za a kawo sababbi. Duk wadda ta yi magana sai ya ce, "Hajiya, asusun Alhaji ya samu matsala, ki tura ta wannan." Muryarsa suka sani, shi suka saba yi wa ciniki, wa zai yi zargi? Wata baiwar Allah daga Yola ta tura kuɗin lefen ƙaninta gaba ɗaya. Wata a Maraɗi ta bi ta hannun ɗan canji ta biya. Mu ba mu san wainar da ake toyawa ba, sai da wata ta kira tsohuwar lambar Yaya tana faɗa, direba bai kira ta ba.

Yanzu magana tana hannun 'yan sanda, an kuma kai ƙorafi banki. Yaya ya biya wasu daga aljihunsa saboda kunya, ko da yake ko kwabo bai gani ba.

Mai saye, abin da nake roƙon ku, ke da kai: in aka ce asusu ya canza, kada a tura sai an ji muryar maigidan shago da kansa, ta wata lambar daban. A duba sunan da ya fito kafin a danna tura. In sunan mutum ne da ba ku taɓa biya ba, a dakata. Arha mai yawa da gaggawa, "yau kaɗai ne", nan ne tarkon yake.

Masu shaguna da kamfanoni kuwa, laifin namu ne, in faɗi gaskiya. Muna ƙirga dila da turmi ranar da yaro zai tafi, ba ma ƙirga abin da ke cikin waya. Layin kasuwanci a yi masa rajista da sunan mai dukiya, ko da sunan kamfani in akwai takardun CAC. In kuma yana kan sunan ma'aikaci, a je ofishin kamfanin waya tare a sauya mallaka tun yana nan, ana dariya da juna. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lambar sirrin ta zauna a wurin maigida. Da mun yi wannan kaɗai, da bai shiga cikin sauƙi haka ba. A leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, domin WhatsApp yana barin a jona har guda huɗu, mutum zai iya ajiye maka waya ya tafi yana karanta saƙonninka. A cire ma'aikacin da zai tafi daga masu kula da shafin Facebook da Instagram, a canza lambar sirrin imel da ta POS, a duba wace lamba ce alat ke zuwa.

Kada kuma a jefa layin tsohon ma'aikaci a durowa a manta. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na ƙwacewa ya sayar wa wani, alhali yana nan manne da asusun banki da imel ɗin aiki.

Mun buga sabuwar lamba a ƙofar shago, muna bin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya muna sanar da su. Tsohuwar tana nan a wayoyin mutane da sunanmu, kuma har jiya an ce tana shiga.