Kabarin Tafawa Balewa da yara: abin da wurin ke bayarwa da abin da za ka zo da shi daga gida

Mutanen Bauchi da yawa sun sha wuce ginin nan na hanyar Ran a cikin Keke Napep, amma kaɗan ne suka taɓa shiga da 'ya'yansu. An bar wa baƙi da 'yan makaranta. Bayan zagaya shi da yara 'yan shekara 6 zuwa 14, ra'ayina shi ne babu inda ya fi shi dacewa a fara nuna wa yaro cewa garin nan taron mutane ne da suka zo daga wurare dabam-dabam. Sai dai wurin ba zai yi maka aikin duka ba. Kabari ne da ɗan gidan tarihi, ba baje kolin tarihin ƙaura ba, don haka rabin darasin kai za ka riƙo shi.

An buɗe ginin a 1979, shekara 13 bayan kashe Sir Abubakar Tafawa Balewa, firaministan Najeriya na farko, a juyin mulkin Janairun 1966. Wanda ya zana shi bai dogara da rubutu ba, da duhu da haske ya yi magana. Da shigarka za ka faɗa wani lungu mai duhu, wanda masu rakiya ke fassarawa da wahalar zamanin mulkin mallaka. Kana tafe sai ɗan haske ya ratso, ya ɓace, har ka fito fili inda kabarin yake, ba rufi, sama kawai. Bangon da ya kewaye filin an yi masa ado da launuka iri-iri, kuma bayanin da ake bayarwa shi ne ƙabilun Najeriya ne. Wannan bango shi ne abin da ya kawo mu, a nan ya kamata a fi daɗewa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a lungun nan shi ne kunna fitilar waya. Da zarar ka kunna, ka kashe ma'anar ginin, yaro zai ga siminti ne kawai. Ka tsaya a bakin shiga kamar minti ɗaya ido ya saba, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowane babba da yara uku ko huɗu, kada su wuce haka. Ɗan ƙasa da shekara 6 a riƙe hannunsa ko a goya shi, domin yakan tsorata ya fasa kuka, kukan kuma a cikin lungu amsawa yake, sai sauran su rikice. Abin da ke magance wannan shi ne a faɗa musu tun a waje cewa akwai duhu, kuma da gangan aka yi shi. Yaron da aka gaya wa yakan shiga da ɗoki.

Lokaci ma yana da muhimmanci saboda rashin rufin. Daga Maris zuwa Mayu, in hantsi ya dubi ludayi sosai filin ya ɗau zafi, yara ba za su tsaya sauraron kowa ba. A zo da safe kafin ƙarfe 11. Lokacin hunturu ya fi daɗi. A riƙo ruwa, gora ɗaya ga kowane yaro, da takalmi mai sauƙin cirewa, da 'yan canji a hannu. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, musamman a ɗakin kayan tarihi. A kuma tuna wa yara cewa makwancin Musulmi ne, ba filin wasa ba, a yi masa addu'a, ba gudu ba tsalle. In ma'aikacin da zai raka ku ya fara da Turanci, ku roƙe shi ya juya Hausa, bayanin yakan fi faɗi da armashi.

A gaban bangon launukan, kada ka fara da ƙabilun Najeriya gaba ɗaya, abin ya yi wa yaro yawa. Fara da mai kabarin. Mahaifinsa Bageri ne, mahaifiyarsa kuwa tana da jinin Fulani, da Hausa ya yi rubutu, da Turanci ya yi wa duniya jawabi. Sunan garin da yake amsawa ma daga Fulatanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. An haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, ya je Landan ƙaro ilimi a 1945, aiki ya kai shi Legas, gawarsa ta dawo gida. Ka sa yaro ya ƙirga garuruwan da yatsa. Sannan ka tambaye shi wane launi ne na wannan mutum a jikin bangon. Zai yi shiru, ko ya nuna biyu ko uku, kuma amsar ke nan. In akwai tsohuwar takardar naira biyar a gida a zo da ita, hotonsa ne a jiki, ƙananan yara da yawa ba su taɓa riƙe ta ba.

Ɗakin kayansa ƙarami ne, minti 20 ya isa. Akwai hotuna da kayan da ya yi amfani da su, irin su agogo da rediyo. Manya sukan tsaya suna jinjina sauƙin rayuwarsa, yara kuwa ba su ganin abin mamaki a tsohon rediyo. Dabarar da ta fi aiki a nan ita ce wasan kalmomi. Nuna agogon ka ce sunansa daga Yarbanci Hausa ta aro shi, haka ashana da akwati. Littafi da alƙali da albasa daga Larabci. Kasuwa daga Barebari, haka sarautun Galadima da Ciroma da Yarima. Masara kuwa asalinta nahiyar Amurka ce, amma sunanta yana nuna hanyar Masar. Daga nan yara sukan karɓe wasan, har a hanyar komawa gida suna tambayar asalin kowace kalma, wanda hakan ya fi ƙarfin yawancinmu. 'Yan sakandare a haɗa su da littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934, labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa. Wannan ƙaura ce ta dole, kuma yana da kyau su san akwai irinta.

Sa'a ɗaya ta wadatar a cikin ginin. In da sauran ƙarfi, a ɗauki Keke ɗaya shata a zaga ƙofofin gari, domin sunayensu kaɗai darasi ne. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809, Bageri ne da ya je karatu wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo da tuta, ya bambanta da sauran masu tuta da yawancinsu Fulani ne. Ƙofar Tirwun tana ɗauke da sunan ƙauyensu, Ƙofar Inkil tana tuna inda ya zauna kafin a gina birnin, Ƙofar Wase kuwa sunan garin nan ne na jihar Filato, wanda a da yana ƙarƙashin Bauchi. Uku sun isa, kada a ce sai an ga duka, yunwa za ta riga ku. A rufe da masa, tunda Bauchi ake.

Sashen da ya fi amfani kuwa a gida ake yinsa, kuma gara a yi shi a ranar ko washegari tun abin bai huce ba. Kayan aikin ba tsada: manyan kwalaye biyu na katan, taswirar Najeriya da maƙwabta irin ta 'yan firamare, gam, ƙananan fil kamar 20, da zaren saƙa launi huɗu, ɗaya ga kowane kaka, biyu na wajen uba, biyu na wajen uwa. A manna taswirar a kwali biyu da aka haɗa, domin ɗaya bai da kaurin riƙe fil, zare yana ja sai ya tuge. A kafa fil a garin da aka haifi kowane kaka, a ja zare zuwa duk inda ya zauna, har ya iso Bauchi. Ƙauyen da ba ya cikin taswira a rubuta shi da biro kusa da babban garin da ya fi kusa. Taswirar Najeriya kaɗai takan gaza, saboda gidaje da yawa zarensu yana fita Nijar ko Chadi ko Kamaru, wasu har Sudan. Wannan na ƙarshe yana da tushe a nan kusa: bayan yaƙin Burmi na 1903, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke amsa sunansa a Sudan. Ningi ma malamai ne daga ƙasar Kano suka yi ƙaura zuwa duwatsunta a wajajen 1840 da wani abu. Jirgin ƙasa da ya iso a farkon shekarun 1960 ya kawo nasa mutanen daga kudu.

Yaro ne zai yi wa kaka tambaya, ba uba ba. Tsoho yakan saki jiki da jika, saboda wasan da ke tsakaninsu, ya faɗi abin da ba zai faɗa wa ɗansa ba. Tambaya biyar ta isa: Kaka, a ina aka haife ki, wane yare ake yi a gidanku, me ya taso ku, da me kuka yi tafiyar, wane abinci ne na can da ba a yi a nan. A ɗauki murya da waya, a ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a kashe fanka da talabijin, kada a wuce minti 15 a zama ɗaya. Kada a tambayi shekara kai tsaye, ba za a samu ba. A tambaya ko kafin a koma tuƙin dama ne, wato 1972, ko kafin naira ta maye gurbin fam a 1973, ko kafin a ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, ko bayan an cire Gombe a 1996. Da haka za ka kusanci shekarar.

Inda abin ke ɓaci shi ne maganar asali. A ƙasar nan ba kowace tafiya aka yi da son rai ba. Akwai bauta a tarihin gidaje da dama, akwai gudun yunwa, akwai gudun rikici, na da da na kwanan nan. In tsohuwa ta ce a bar wannan, to a bar shi, a yanke zaren inda ta tsaya. Kada kuma a yi wannan aikin a taron yaran maƙwabta ana gwada taswirar wani da ta wani, domin nan da nan zai koma gori, wane ɗan gari, wane baƙo. Jihar da ke da ƙabilu fiye da 50, Gerawa, Jarawa, Sayawa, Fulani, Barebari, Bolawa, Warjawa, Karekare da sauransu, ba ta buƙatar a ƙara wa yara wannan. In ana son raha, ga barkwancin da aka gada, na Fulani da Barebari, na Katsinawa da Nufawa, na Gobirawa da Yarbawa, kuma a bayyana wa yaro cewa wasa ne mai ƙa'ida tsakanin waɗanda suka yarda da juna.

Ga wanda zai je shi kaɗai da yara ba shiri, wurin zai ba shi rabin sa'a na kallo da hoto biyu uku. Ga wanda ya shirya, ina ba wurin maki huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe saboda 'yan ƙasa da shekara 6 ne, waɗanda duhun da zafin filin ke gajiyarwa kafin a kai ga bangon. Muryar da aka ɗauka a tura wa mutum biyu a dangi a ranar, a sa mata sunan mai magana da kwanan wata, domin waya takan ɓace ko ta lalace. Kwalin kuma a rataye shi nesa da bangon da ke jiƙa da damina.