Wadirob ɗin yadin nan ya zubar mini da kayan sallah

Wata uku ke nan ina son rubuta wannan, da na fara sai raina ya sake ɓaci in ajiye wayar. Wadirob ɗin yadi nake nufi, mai ƙofa uku da zif, wanda ake harhaɗa bututun ƙarfe da mahaɗin roba. Kun san shi, kun san kuɗinsa, masu saida kaya a WhatsApp sun cika mana ido da shi tun kafin azumi.

Ciki da falo muke haya a Kano, yara uku, kayansu duk a ganamasgo. In za a nemi hular yaro ɗaya sai an zazzage jaka biyu. Shi ya sa da babbar sallah ta matso na ce bana kam kowa zai tashi ya tarar da kayansa a rataye. Ni da ƙanwata muka haɗa shi, babu takardar bayani sai hoton jikin kwali, amma ya tsaya kyam, ɗakin ya yi fes. Har hoto na tura wa Yaya.

Ranar Alhamis, 5 ga Yuni 2025, ranar Arfa, muna azumi. Bayan an sha ruwa mai guga ya kawo kaya. Babbar rigar Abbansu farar shadda ce, yadi goma har 'yar ciki da wando, ta sha sitati da bugu tana ɗaukar ido. Wata biyu tana wurin mai aiki. Na rataye ta, na rataye leshina da atamfa biyu, da kaftanin samarin, da rigar 'yar budurwata. A saman na jera ɗankwalaye da kwalbar humra biyu da turaren wuta, don da asuba in turara komai a kabbasa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ina tsakar gida ina kwashe cincin na ƙarshe, sai na ji wani rugum daga ɗaki, sai kukan auta. Wallahi ban san lokacin da na yar da matsamin ba. Na shiga da fitilar waya na tarar wadirob ya durƙusa ta gaba, kaya sun rufe katifar yara, bututun rataya ya fice ya faɗi bai fi tafin hannu ɗaya tsakaninsa da kan yaron ba. Shekararsa biyu. Na ɗauke shi ina shafa kansa ina salati, jikina na ɓari, na kasa ko duba kayan. Har yau in na tuna tazarar nan sai gabana ya faɗi.

Sai da ya koma barci na ga sauran ɓarnar. Mahaɗin roba biyu na tsakiya ne suka dare gida biyu, ba zamewa suka yi ba. Kwalbar humra ɗaya ta fashe a kan babbar rigar, daidai aikin ƙirji. Duk macen da ta san humra ta san maiƙonta ba ya fita daga farar shadda a dare ɗaya. Na barbaɗa hoda, na danna da tsumma, a banza. Ga babu wuta. Da asuba na buga wa maƙwabciyata ƙofa na aro dutsen guga na gawayi, na gyara na yara. Abbansu kaftaninsa na ƙaramar sallah ya saka ya tafi idi. Abin da kawai ya ce, tunda yaro lafiya Alhamdulillahi. Shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo a wurina, don na san yadda ya tara kuɗin ɗinkin.

Na tura wa mai kayan hotuna. Sai bayan kwana biyu ta amsa: "Ayya Anti, ai ba a loda masa kaya masu nauyi." To a hoton tallarta cike yake da kwat da barguna. Kayan sallar Bahaushe kuma wanne ne mara nauyi? Turmin atamfa kaɗai yadi shida ne.

Amma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Ta aiko da mahaɗi biyu kyauta, ta ba da haƙuri. Yadin kansa mai kauri ne, zif ɗin bai taɓa cijewa ba, ƙura ba ta shiga. Da na sake tayar da shi na jingina da bango, na bar masa rigunan makaranta da ƙananan kayan yara, sai ya zauna lafiya. A lokacin har na fara ce wa ƙawayena ku saya, in dai kaya marasa nauyi ne.

Na janye wannan maganar. Da ruwan Agusta ya kankama na ɗauko mayafina ruwan madara, sai ga layin tsatsa ja a inda ya kwanta kan bututu. Fentin ƙarfen ɓarewa yake kamar ɓawon gyaɗa. Na leƙa baya, bangon yadin duk funfuna, don in an zuge zif iska ba ta ratsa shi, kayan yara har sun ɗauki warin sanyi. Wanki guda na yi daga safe har la'asar. Nan take daren jajibirin ya dawo mini sabo, da kukan yaron, da rigar da har yanzu tabon bai gama fita ba bayan kaiwa wanki sau biyu.

Na je gida na roƙi Inna tsohuwar adakarta ta ƙarfe, wadda ta zo da ita ɗakin aure. Na ɗora ta a kan tubali huɗu saboda danshi, shaddodi da lesuka suna ciki da ƙullin turaren wuta. Katifar yara kuwa na mayar da ita ɗaya bangon. Cikin mahaɗi biyun da aka aiko mini, ɗaya ya riga ya fara tsagewa.