Katin Intel I350-T2: wata takwas a cikin uwar garken asibitinmu

Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kano, kuma ɓera ne silar sayen wannan kati, mai haɗa kwamfuta da sauran kwamfutoci ta waya. Da daminar bara ya ci wayar da ke haɗa uwar garkenmu (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan asibitin) da suwic (akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa), can cikin silin, da safiyar Litinin, marasa lafiya sun yi layi har bakin ƙofa. Masu buɗe fayil suka koma takarda da biro. Sai da na kusa awa biyu kafin na gano inda wayar ta tsinke. Tun ran nan na ƙudura ba zan sake barin bayanan marasa lafiya rataye da waya ɗaya ba.

Katin yana da ƙafa biyu, wato wuraren soka waya, kowace mai gudun gigabit ɗaya, yana zama a ramin PCIe da ke cikin kwamfutar. Na hannu na saya. Ina kunna na'urar Ubuntu 22.04, nau'in Linux ɗin da ke kanta, ta gane shi, ban sauke komai ba, domin direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, mai suna igb, yana cikin Linux tun asali. Wannan kaɗai ya sa na ƙaunace shi.

A Netplan, inda ake saita hanyoyin sadarwa a Ubuntu, na haɗa hanyoyi biyu suka zama ɗaya mai suna bond0, a tsarin active-backup: ɗaya na aiki, ɗaya na zaune tana jira. Akwai tsarin 802.3ad da ke aiki da duka biyun lokaci guda, amma shi sai suwic ya san LACP, ƙa'idar haɗa wayoyi su yi aiki tare, namu kuwa na talakawa ne. Na sa a riƙa duba wayar duk bayan milisakan 100. Da na tashi gwaji, na bar ping, saƙon gwaji da ke jiran amsa daga uwar garken, yana tafiya daga kwamfutar ɗakin magani, na fizge wayar farko da hannuna. Amsa ɗaya ce ta ɓace, sauran suka ci gaba da zuwa. Mai ba da magani ba ta ma ɗago kai ba.

Ga inda nake so mai saye ya natsu. Ganin ƙafa biyu a kati ɗaya, zuciya za ta ce a zuba wayoyin duka a nan. Kada a yi haka. In katin ya mutu, ko ƙurar hunturu ta dami raminsa, biyun za su tafi tare. Ni ƙafa ɗaya na ɗauka daga katin, ɗayar kuma wadda ta zo jikin uwar garken. Kowace waya da nata suwic ɗin, suwic ɗin biyu kuma a haɗe suke da juna. Hanyar ma na raba: ɗaya ta silin cikin bututu, ɗaya ta jikin bango.

Wani abin sai daga baya na fahimta. Dubawar milisakan 100 ɗin nan, ko wayar na da rai kawai take gani. Wata rana suwic ɗaya ya sandare, fitilarsa na ci amma ba ya wuce da komai, bond0 kuwa bai motsa ba. Ba laifin katin ba ne. Na koma dubawa ta ARP, inda uwar garken ke tambayar rauta, na'urar da ke haɗa mu da waje, ko tana jin ta, in shiru ta sauya hanya. Ba a haɗa dubawar biyu, ɗaya ake zaɓa.

Jabun wannan kati sun yi yawa a kasuwa, don haka a duba tambarin tantancewa da ke jikinsa, a kuma karɓi guntun ƙarfen ɗaurewa idan akwatin siriri ne.

Sauyin hanyar shiru yake faruwa, ba mai sanar da kai. Shi ya sa duk ranar Asabar nake buɗe fayil ɗin /proc/net/bonding/bond0 in ga wace ƙafa ke aiki da sau nawa kowace ta faɗi. Makon jiya na tarar ta silin ta faɗi sau uku. Na hau da tsani, na sami kan wayar ya yi sako-sako, na sake matse sabo.