Hasken lesa ko ƙwayar levothyroxine? Amsa ga 'yar'uwa mai cutar Hashimoto

'Yar'uwa, kin tambaya ko haska wuya da lesa mara zafi zai iya maye gurbin levothyroxine da kike sha kullum. Na san gajiya ce ta sa ki tambaya, Allah ya ba ki lafiya.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. A wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke afka wa tayirod da ke gaban wuya, tana cin ta a hankali har ta kasa samar da sinadarinta. Daga nan kasala da jin sanyi da bushewar fata ke biyowa. Ƙwayar ba ta tsayar da faɗan, giɓin kawai take cikewa. Amma an san ta ciki da bai. Ki sha da safe kafin ki sa komai a baki, ki jira minti 30 zuwa 60, ki raba ta da maganin ƙarin jini ko kalsiyam da awa 4. In an sauya adadi, a yi gwajin jini na TSH, mai nuna ko adadin ya yi daidai, bayan mako 6 zuwa 8.

Ita lesa tushen take nema, ta rage kumburi, ta farfaɗo da abin da ya saura na tayirod ɗin. Ba yanka, ba ƙuna, kan na'urar ake ɗorawa a fatar wuya. Binciken da aka fi ambata na Sao Paulo ne a Brazil, ya fito a 2013: mutum 43, zama 10, sau biyu a mako. Bayan wata 9, waɗanda aka haska sun buƙaci ƙwaya ƙasa da ta waɗanda ba a yi musu hasken gaske ba, kuma alamar harin garkuwa a jininsu ta sauka. Abin ya faranta min rai ƙwarai. Sai dai mutum 43 ba su isa a kafa hukunci ba, shi ya sa har yanzu manyan ƙungiyoyin likitocin tayirod ba su sa ta cikin maganin yau da kullum ba.

Ni dai ba zan ajiye ƙwaya saboda lesa ba, balle mai ciki ko mai neman haihuwa, don jaririn ma yana dogara da wannan sinadari. In kina son gwadawa, ki fara zuwa wurin likitanki a yi miki sikanin wuya a ga ko akwai ƙululu. Ki ci gaba da shan maganinki, sakamakon jini ne zai nuna ko za a rage.