Sharhi kan shirin rage ƙiba na wani asibiti a Maradi

Wannan sharhi ne a kan sashen ba da shawarar abinci na wani asibiti mai zaman kansa a nan Maradi, inda likita ya tura ni bayan awo ya nuna jinina ya fara hawa, sukari kuma yana neman wuce iyaka. Na bi shirin nasu tun daga kaka har bazara ta shigo, kuma a ganina aikin ya cancanci kuɗinsa, sai dai an tsara shi kamar mutum shi kaɗai yake cin abinci, alhali ba haka muke ci a garin nan ba.

A ganin farko ma'aikaciyar ta auna nauyina da tsawona, ta zagaya ƙuguna da awo, sannan ta yi bayanin cewa idan lissafin nauyi da tsawo ya kai 25 mutum ya fara yin nauyi fiye da kima, idan ya kai 30 kuwa ƙiba ce sosai. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ta fito da wani shayi ko ƙwaya ta ce in saya ba, kamar yadda masu talla suka cika mana WhatsApp da alƙawarin narkar da tumbi cikin mako guda. Ta ce burin shi ne a rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, a hankali, kamar rabin kilo a mako, domin wannan kaɗai yakan sauƙaƙa hawan jini da sukari.

Inda ta fi burge ni shi ne batun abin sha. Ta sa na lissafa mata duk abin da ya shiga bakina jiya, tun daga koko da ƙosai har zuwa shayin fada na bayan isha'i. Da na gama sai ta ɗauko faranti, ta riƙa zuba sukari cokali bayan cokali har ya yi tudu, ta ce wannan shi ne kimanin giram 35 da ke cikin gwangwanin lemo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2015, ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu a yini, wato wajen giram 50 ga babba, rabin haka kuma ya fi. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ba tuwo ne ya kawo ka nan ba, abin da kake sha ne." Duk wanda ya san yawan sukarin da ake zuba wa butar shayi kafin a kai ga zagaye na uku ba zai yi mata musu ba.

Sauran shawarwarin duk a tukunyar gida suka tsaya. Ba ta hana ni fura ba, ta ce dai a dama ta da nono ba tare da sukari ba, a rage girman ƙwarya. Tuwon hatsi yana nan, amma malmala ɗaya, miyar kuka ko ta kuɓewa ta fi yawa. Man gyaɗa, wanda mutanen Maradi ba sa yi wa rowa, a auna shi da cokali a daina tsiyayawa daga kwalba, tun da giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), fiye da ninkin na hatsi ko nama. Ta ƙarfafa cin wake da kwaɗon zogale, wanda ba ya wahalar samu saboda lambunan Jiratawa, da kabeji da tumatir, har a kusanci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, don haka a rage dunƙulen ɗanɗano a koma ga daddawa.

Gazawar shirin kuwa a fili take. Takardar da suke bayarwa da Faransanci aka buga ta, kuma rabinta abinci ne irin tuffa da burodin alkama mai dusa, waɗanda ko an same su a kanti ba kowa zai jure sayensu kullum ba. Abin da ta faɗa da baki ya fi abin da ke rubuce amfani nesa ba kusa ba. Mafi girma shi ne ba su gayyaci uwargida ba, ita da ludayin yake hannunta, kuma ba su ce komai ba game da yadda magidanci zai auna cinsa alhali shi da ƙannensa da baƙi akushi ɗaya suke sa wa hannu. Haka nan babu wani tsari na watan azumi ko na ranakun suna da biki, inda ƙin ci yakan zama kamar raini. Ana kuma yawan ɗaga ranar komawa ba tare da an sanar da mutum ba.

Nauyina ya sauka sannu a hankali, ya tsaya cik na wani lokaci, sannan ya ci gaba bayan na ƙara da tafiyar ƙafa da asuba, kuma likita ya gamsu da awon jinin da ya biyo baya. Wanda yake son sauyi kafin wani biki mai zuwa ba zai ji daɗin wannan sashe ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa zai amfana, musamman idan ya tafi tare da wadda take yi masa girki, ya kuma riƙe alƙalami ya rubuta bayanin da Hausa da kansa.