Warfarin ko Rivaroxaban Bayan Gudan Jini Ya Toshe Jijiyar Huhu?

Mutane suna yawan tambayata wanne ya fi a cikin waɗannan magunguna biyu masu hana jini daskarewa, musamman waɗanda aka sallamo daga asibiti a nan Sakkwato.

Warfarin yana da araha, amma yana da ɗawainiya. Sai an riƙa gwajin INR, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini, ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ga mai zuwa daga Illela ko Gwadabawa, kuɗin mota kaɗai na iya cinye rangwamen. Abinci ma yana taɓa shi: ganye irin alayyafo yana rage ƙarfinsa, don haka kada yau a ci da yawa gobe a daina. Wannan ne ya fi damuna.

Rivaroxaban ba ya buƙatar wannan gwajin akai-akai, ana shan sa da abinci. Sai dai tsada, kuma wanda kuɗi suka yanke masa ya tsallake kwanaki ya shiga haɗari. Dukansu suna iya jawo zubar jini, kuma aƙalla wata 3 ake sha.

Mai ciwon ƙoda mai tsanani, ko mai ƙaramin ƙarfi da ke kusa da wurin gwaji, warfarin ya fi dacewa da shi. Na nesa mai halin saye, rivaroxaban. Mai juna biyu kuwa allurar heparin likita zai ba ta.