Wireshark ko Zeek: Duba Lasisi Kafin Ka Fara Rubutu

Matasanmu da ke haɗa wa kamfanoni layukan sadarwa a Legas, daga Agege zuwa kasuwar Computer Village da ke Ikeja, sun saba da Wireshark, manhajar duba bayanan da ke yawo a layukan sadarwa, kamar yadda makanike ya saba da sufana. Gerald Combs ne ya fara ta a 1998 da sunan Ethereal, ta koma Wireshark a 2006, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a sauke ta. Sai dai kyauta ce mai sharaɗi.

Sharaɗin shi ne lasisin GPL na 2. Idan ka rubuta ƙaramar manhajar da ake maƙala wa Wireshark domin ta fassara bayanan wata na'ura ta musamman, masu kula da ita suna ɗaukar aikinka a matsayin reshen nasu, ko da da harshen kwamfuta na Lua ka rubuta. Muddin a cikin kamfaninku kaɗai ake amfani da ita, babu mai tambayarka komai. Amma ranar da ka miƙa wa kwastoma, wajibi ne ka ba shi asalin rubutun manhajar, kuma yana da ikon gyarawa da rabawa. GPL bai hana sayarwa ba, ɓoyewa ya hana. Na ga wani ƙanenmu zaune a shago, janareta na ruri a bayansa, yana karanta wannan sharaɗi bayan ya riga ya yanka wa mai saye farashi, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Wanda abincinsa yake cikin sirrin rubutunsa, Zeek, wata manhajar sa ido kan layukan sadarwa, ta fi dacewa da shi. Ita da tcpdump da libpcap, kayan naɗar bayanan layin sadarwa, duk lasisin BSD gare su, wanda ya yarda ka gina naka ka rufe, matuƙar ka bar sanarwar haƙƙin masu asali. Zeek ba ta da tagar dubawa mai sauƙi irin ta Wireshark, saboda haka koyonta sai da haƙuri. Suricata kuwa, manhajar gano masu kutse a layin sadarwa, GPL ce, hukuncinsu ɗaya da Wireshark.

Ni dai shawarata ga mai son ya amfana da Wireshark kuma ya riƙe sirrin rubutunsa ita ce ya rubuta manhajarsa daban, ta riƙa karanta fayil ɗin pcap, wato bayanan layin sadarwa da aka riga aka naɗa, ba tare da ta shiga jikin Wireshark ba. Mai aiki a kan Windows kuma ya lura cewa Npcap, manhajar da Wireshark ke naɗar bayanai da ita a can, tana da nata lasisin, kuma haɗa ta cikin kayan sayarwa sai an biya masu ita.